Ruwa ya tsaya a dokin ƙofar shagona bara, da me zan fara kafin damina ta dawo?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon sayar da kayan masarufi a sari, da sito a bayansa, duka a ƙasan bene, kuma haya nake yi. Bara an yi wani ruwa da dare, da safe na tarar ya zo har dokin ƙofa ya tsaya, saura ƙiris ya shiga. Maƙwabcina da ke gangare da ni ya yi asara mai yawa. Yara huɗu ke aiki a ƙarƙashina. Wasu sun ce in ɗaga bakin ƙofa da bulo, wasu sun ce in yi inshora, wasu ma sun ce in tashi daga wurin gaba ɗaya. Abin da ke hannuna ba zai yi duka ba. Da wanne zan fara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara tsarewa, ya mayar wa maƙwabcinka da alheri. In na fahimce ka, ba yadda za a hana ambaliya kake tambaya ba, don wannan ba a hannunka yake ba. Kana tambaya ne: da ɗan abin da kake da shi, a ginin da ba naka ba, ina ya kamata ka fara zuba kuɗi da ƙarfi? Na daɗe ina aikin ƙiyasta asarar 'yan kasuwa bayan gobara da ambaliya. Ni ake kira bayan aikin gama ya gama, in shiga da dogon takalmin roba da littafi in lissafa abin da ya salwanta. Sau da yawa nakan ga shaguna biyu a layi ɗaya, ruwa ya shige su da zurfi ɗaya a dare ɗaya, amma ɗaya ya buɗe bayan kwana biyar, ɗayan kuma sai dai a ce a da akwai shago a nan. Da wuya ka ga tsayin bakin ƙofa ne ya raba su. Don haka ga amsata tun daga farko: ka ƙaddara cewa ruwan zai shiga, sannan ka tsara shagon yadda in ya shiga ba zai tarar da abin da zai karya ka ba. Bulo da inshora su biyo baya.

Akwai wata magana da na san za a faɗa maka, in ba a riga an faɗa ba: ai irin ruwan bara sai a yi shekara ashirin ba a gani ba. Ko da hakan gaskiya ne, ma'anarsa ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar 1 cikin 20 ya dawo, kuma ruwan bara bai saya maka hutun shekara 19 ba. In ka zauna shekara 10 a wurin, yiwuwar ka gamu da shi aƙalla sau ɗaya ta kai kusan kashi 40 cikin 100. Har ambaliyar da masana ke kira ta shekara 100, wanda ya zauna shekara 30 a wuri ɗaya yana da yiwuwar kashi 26 cikin 100 na ganinta. Ga shi kuma tsohon lissafin ma ya fara tsufa. Duk ƙarin zafi na digiri 1, iska kan iya riƙe danshin da ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100, sai ta juye shi a lokaci guda. Filayen da a da suke shanye ruwa kuwa an gine su, an shafe da siminti da kwalta.

Ta ina ruwan zai zo?

Wannan ce tambayar da ya kamata ka amsa kafin ka sayi ko bulo ɗaya, kuma amsarta kyauta ce. Ruwan kogi ko na madatsa da ya tumbatsa yakan ba da sa'o'i, wani lokaci kwanaki, sannan ya daɗe bai janye ba. Ruwan sama da ya fi ƙarfin magudana shi ne mai zuwa ba sallama, cikin rabin sa'a ya cika layi, kafin hantsi ya tafi ya bar laka. Daga bayaninka, wannan na biyun nake zargi. Akwai kuma wanda ke dawowa da baya ta cikin bututun banɗaki da ramin wanke-wanke idan babbar magudana ta cika, da wanda ke tsattsafowa ta ƙasan daɓe, da wanda ke saukowa daga rufinka. Kada ka raina na ƙarshen nan. Ruwan sama mai zurfin milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Rufi mai murabba'in mita 200, in aka yi ruwan milimita 50, lita 10,000 zai zubar, wato tan 10 na ruwa, kuma in indararo ya toshe ko yana zuba a gindin bango, duk wannan a wurinka zai sauka.

A ruwan farko mai ƙarfi, ɗauki lema ka tsaya a bakin shagonka ka kalla. Duba daga wace kusurwa yake gangarowa, ina yake taruwa, wace kwalbati ce take fara cika. Tambayi wanda ya fi kowa daɗewa a layin inda ruwa ya taɓa kaiwa a mafi munin shekara. Bangon maƙwabcinka ma shaida ne: ruwa yakan bar zane mai launin ƙasa-ƙasa da ba ya ɓoyuwa ko an yi fenti. Auna tsayinsa, ka dawo da wannan ma'aunin cikin shagonka, ka ja layi da alli a jikin bango. Duk abin da ke ƙasan layin nan, ka ɗauke shi a matsayin wanda ruwa ya riga ya ci.

Na taɓa shiga wani sito da mai shi ya kashe kuɗi sosai ya ɗaga ƙofofinsa, har yana nuna wa abokai. Daren da abin ya faru, ko ɗigo bai shiga ta ƙofa ba. Ruwan ya ɓullo ne ta wani ɗan rami mai marfin ƙarfe a kusurwar daɓe, wanda suke tura ruwan shara ta cikinsa, da kuma ta banɗakin ma'aikata. Baƙi ne, mai wari, kuma katangar da aka yi don ta hana ruwa shiga ita ce ta hana wannan fita. Sai da aka kwashe shi da bokiti. Abin da zai hana wannan wani marfi ne da masu aikin famfo ke sawa a bututu, yana barin ruwa ya fita amma yana rufewa in ya juyo. Kuɗinsa bai kai na ƙofa ɗaya daga cikin waɗanda ya gyara ba.

Ɗaga kaya, ba ɗaga ƙofa ba

Nan nake so kuɗinka na farko su tafi. Ruwan da ya fi yawan shiga shaguna ba mai kai wa ƙirji ba ne, mai rufe idon sawu ne zuwa ƙwauri. Amma wannan ɗan ruwan yakan yi ɓarnar da ta fi ƙarfinsa saboda kwali. Katan ɗin da ke ƙasa ya sha ruwa, ya yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar takarda, ya kasa ɗaukar na samansa, sai jerin gaba ɗaya ya karkata ya zube cikin ruwan. Na sha ganin ruwan santimita 10 ya lalata kayan da aka jera har kusa da rufi. Mai kayan zai rantse maka ruwa ya kai masa wuya, alhali zanen da ke bango bai wuce taki ɗaya ba.

Maganin wannan kantocin ƙarfe ne, a ɗaure su a jikin bango da kusoshi don kada ruwa ya ture su, kuma hawan farko ya kasance sama da layin allinka da kamar santimita 30. In kuɗi ba su kai ba, dandamalin katako a kan bulo ya fi babu nesa ba kusa ba. Guji katakon nan da ake mannawa daga ɓarɓashi, yana shan ruwa ya kumbura ya ruguje. Sannan a sake jeren kaya: mai tsada da marar nauyi da wanda danshi ke lalatawa su hau sama, wanda ke cikin roba mai ƙarfi ko wanda wanki zai dawo da shi ya zauna ƙasa. Na san wannan ya saɓa wa yadda yaran shago suke so, don mai saurin fita suke son ajiyewa kusa da hannu. Za su yi gunaguni mako ɗaya, su saba.

Wata dabarar da ba ta cin ko sisi ita ce rage kayan da ke sito a makonnin da ruwa ya fi ƙarfi. Yi magana da masu kawo maka kaya su riƙa kawowa kaɗan-kaɗan amma a kai a kai. Ribar sarin mai yawa za ta ɗan ragu, na yarda. Ka ɗauke ta a matsayin kuɗin tsaro. In kana da wani ɗaki a tudu ko a saman bene da za ka iya raba kayan, to raba su.

Sai wuta. A sa mai aikin lantarki ya mayar da soket-soket da akwatin makunnai sama da layin alli sosai, firji da firiza kuma a ɗora su a kan dakali. Ka kuma bi abin har ƙarshensa, don abu ɗaya da aka manta a ƙasa kan kashe sauran. A lokacin guguwar Sandy a watan Oktoban 2012, sai da aka kwashe marasa lafiya daga wasu manyan asibitocin birnin New York, duk da cewa janaretocinsu na saman bene, saboda famfunan da ke tura musu mai, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa suke. Tukunyar gas da jarkar mai da gangunan sinadarai kuma yawo suke yi a kan ruwa. A ɗaure su, ko a ɗaga su. Jarkar mai ɗaya da ta kife ta isa ta sa a zubar da duk kayan ci da ke ɗakin saboda wari.

Littafin bashi

Akwai hoton da ba ya barin idona. Wani dattijo mai sari, kayansa ba su yi mummunar lalacewa ba, yana zaune a kan benci da wani littafi mai kauri a cinyarsa, yana ƙoƙarin raba shafukansa da bakin reza. Littafin masu karɓar kaya bashi ne, na shekaru, kuma a aljihun tebur na ƙasa yake kwana. Tawadar ta narke ta zama shuɗin gajimare, sai dai ka ga alamar layi da rabin suna. Masu amana sun zo da kansu sun faɗi abin da ake bin su. Sauran kuwa sun yi shiru, kuma ba shi da abin da zai nuna musu. Masu bin sa bashi, su littafinsu a bushe yake. Abin da ya rasa ta wannan littafin ya ninka abin da ruwa ya ci a sito.

Saboda haka a yau ɗin nan, kafin ka kwanta, ɗauki hoton kowane shafi na littafin bashinka da waya. Haka rasit-rasit na sayen kaya, takardar haya, takardun rajista da na haraji, da lambobin masu kawo kaya da manyan abokan cinikinka. Kada hotunan su tsaya a wayar kawai, tura su imel ɗinka ko wata ma'ajiya ta intanet. Takardun asali su shiga leda mai zik, cikin akwatin roba, a kanta mafi tsayi ko a gida. Sau ɗaya a wata kuma ka zagaya shago da sito kana ɗaukar bidiyo a hankali, kana faɗin kwanan wata da sunan kaya da yawansu. Minti biyar ne, amma ranar lissafin asara ya fi shaidu goma.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne, kwanakin da shago ya yi a rufe sukan fi kayan da suka jiƙe ciwo. Haya tana tafiya, albashin yara huɗu yana jira, mai bin ka bashi bai san ambaliya ba, abokin ciniki kuma in ya je wani wuri sau uku ya saba da can. Ba ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ba. A ambaliyar Tailan ta 2011, wadda ta nutsar da rukunan masana'antu a lardunan Ayutthaya da Pathum Thani, Bankin Duniya ya ƙiyasta asarar da kusan dala biliyan 46.5, kuma fiye da rabin wannan na tsayawar aiki ne da cinikin da aka rasa, ba na gine-gine da injinan da suka lalace ba. Har farashin ma'ajiyar bayanan kwamfuta sai da ya tashi a duniya, ya shafi kamfanonin da ko yayyafi bai taɓa su ba. In kana da halin ware kuɗin hayar wata biyu da albashi a asusun da ba ka taɓawa, wannan ya fi mini kowace katanga.

To, bulon fa?

Yi, amma da sanin iyakarsa, kuma da izinin mai gida a rubuce. Ɗan tudu a bakin ƙofa, ko allon ƙarfe mai roba a gefe da ake zurawa cikin kwarmi idan hadari ya haɗu, yana tare ruwan layi mai saurin wucewa. Ka toshe tsagar bango da ramukan da waya da bututu suka bi, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yi ta ƙara tsayi. Ƙarfin da ruwa ke danna bango da shi ba a hankali yake ƙaruwa ba: a zurfin rabin mita, kowace mita ta faɗin bango tana ɗauke da nauyin kusan kilo 125, a zurfin mita 1 kuwa kusan kilo 500. In ciki a bushe yake, waje kuma ruwa ya taru haka, bangon da ba a gina don wannan ba zai iya faɗowa. In ruwan ya wuce santimita 60 ko makamancin haka, gara a bar ruwa ya shiga da a rasa ginin, sai dai in injiniya ya duba ya ce bangon zai jure. Buhunan yashi kuma suna rage ruwa ne, ba sa hana shi. A cika su rabi ko fiye kaɗan, a jera kamar ginin bulo a kan shimfiɗar leda, a tattake.

Inshora

Ba laifi, kuma akwai tsarin takaful ga wanda yake neman wanda ya dace da shari'a. Sai dai ka karanta abin da kake saya. Inshorar gobara ko ta sata ba lallai ta ƙunshi ambaliya ba, a wurare da dama daban ake ƙara ta. Tambayi wakilin, ya ba ka amsa a rubuce: ruwan da ya dawo ta magudana yana ciki? Akwai sharaɗin cewa kaya su kasance a wani tsayi daga ƙasa? Nawa ne kason da kai za ka ɗauka kafin su fara biya? Ana biyan cinikin da aka rasa lokacin rufewa? Daga yaushe take fara aiki? A Amurka, alal misali, inshorar ambaliya ta gwamnatin tarayya a bisa al'ada sai bayan kwana 30 da saye take fara aiki, don kada mutum ya jira sai ya ga hadari. Inshorar mai gida, in ma yana da ita, ginin take karewa, ba kayanka ba. Kuma in ka rage ƙimar kayanka don kuɗin shekara ya yi sauƙi, ranar biya su ma da wannan ma'aunin za su rage maka.

Daren da abin zai faru

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tara yaranka huɗu, ku rubuta a takarda ɗaya ku manna a bayan ƙofa: wa ke riƙe da makulli na biyu, wa ya fi kusa da shago, wa zai kashe babban makunnin wuta da gas, wane kaya ake fara ɗagawa, ina za a haɗu. Ku ajiye wata alama a waje, kamar matakala ta biyu ko wani zane a jikin turken wuta, ku yanke cewa da zarar ruwa ya taɓa ta an daina ceton kaya, kowa ya fita. A yanke wannan tun ido na bushe, domin a cikin ruwa zuciya takan ce saura katan ɗaya. Ku gwada sau ɗaya da rana, da agogo a hannu. Za ka yi mamakin abin da zai fito: tocilar da ba batir, allon ƙofar da ke ƙarƙashin kaya, makullin da ke aljihun wanda ya yi tafiya.

Ka faɗa musu da bakinka cewa babu kayan da ya kai ransu, don yaro mai amana yakan jefa kansa cikin haɗari saboda kunyar maigida. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 kan ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa ta tafi da yawancin motoci. A ambaliyar yankin Balensiya na ƙasar Sifen a ƙarshen Oktoban 2024, wadda ta kashe mutum fiye da 200, an tarar da mutane da dama a garejin ƙarƙashin ƙasa da cikin motoci, wasunsu sun sauka ne don su fitar da motar. Kuma wanda ƙafarsa ke cikin ruwa kada ya taɓa makunnin wuta.

Idan ruwa ya janye, hoto da bidiyo kafin tsintsiya. Kada a kunna wuta sai mai aikin lantarki ya duba. Janareta a waje, nesa da ƙofa da taga, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba. Fumfuna kan fara kama abu mai danshi cikin sa'o'i 24 zuwa 48, don haka a fitar da jiƙaƙƙun kaya, a buɗe ko'ina iska ta ratsa, a wanke daɓe da bango da sabulu sannan da ruwan kulorin, da safar hannu da takalmin roba. Firji da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar sa'a 4 bayan ɗaukewar wuta, cikakkiyar firiza kusan sa'a 48. A sana'arka akwai abu mai ɗaci da dole in faɗa: duk abin ci da ruwan ambaliya ya taɓa a buhu, kwali, leda ko kwalba mai murfin murɗawa, zubarwa ake yi. Ruwan nan ya bi ta masai da shara. Shanya shi a rana a mayar kan kanta na iya kwantar da iyalin wani.

Maganar tashi kuwa, ba zan iya yanke maka daga nan ba. Ban ga gangaren layinku ba, ban ga bangon ba, ban karanta takardar hayarka ba, kuma ƙarfin gini aikin injiniya ne, ba nawa ba. Ga dai ma'aunin da nake amfani da shi. In layin allinka bai wuce gwiwa ba kuma ruwan mai wucewa ne cikin sa'o'i, zauna ka gyara, don wurin da abokan ciniki suka sani shi ma jari ne. In ya kai ƙugu, ko ruwan kogi ne mai kwana da kwanaki, ko hanyar fita ɗaya ce kuma ita ce ke fara nutsewa, to fara neman wani wuri, ko aƙalla ka mayar da siton tudu ka bar shagon da kayan cinikin mako kawai. Kafin ka sabunta haya, zauna da mai gida ku rubuta wa zai gyara magudana da daɓe, da kuma ko za a dakatar da kuɗin haya na kwanakin da shagon bai shiguwa. Sannan auno mini tsayin zanen da ke bangon maƙwabcinka, da tazarar da ke tsakanin daɓensa da naka, ka aiko mu duba tare.